Rumbun Man Ƙasa: Abin da Ya Kamata Ɗan Kasuwa Ya Sani

Ƙasashen da ke da ƙarfin masana'antu sun fara tanadin mai gadan-gadan ne bayan yaƙin Larabawa da Isra'ila na watan Oktoba 1973, lokacin da ƙasashen Larabawa suka hana sayar wa Amurka da wasu ƙawayenta mai. Cikin 'yan watanni gangar ɗanyen mai, wadda ke cin kimanin lita 159, ta tashi daga wajen dala 3 zuwa kusan dala 12. A 1974 aka kafa Hukumar Makamashi ta Duniya a birnin Faris, aka kuma wajabta wa membobinta masu sayen mai daga waje su ajiye abin da zai kai yawan wanda suke shigowa da shi na kwana 90. Ita kuwa Amurka ta yi dokar rumbunta a 1975, ta riƙa zuba ɗanyen mai cikin kogunan gishiri na ƙarƙashin ƙasa a jihohin Texas da Louisiana.

Wannan rumbu makamin siyasa ne kamar yadda yake kadarar ciniki. An buɗe shi a 1991 lokacin yaƙin Tekun Fasha, da 2011 lokacin rikicin Libiya. Mafi girma shi ne na 2022, bayan Rasha ta auka wa Yukren, inda Shugaba Biden ya ba da umurnin fitar da ganga miliyan 180 don karya farashi. To, amma duk abin da aka ɗiba sai an mayar, kuma a nan ne lissafin ya shafi kowa: idan babbar ƙasa irin Amurka ko Sin ta shiga kasuwa don cika tankunanta, buƙata takan ƙaru alhali ba wata mota ko masana'anta da ta ƙone man. Farashi sai ya ƙi sauka, mai shigo da fetur a Legas ya biya, direban tanka ya ɗora, ya iso kan fasinja a tashar Utako.

Lamarin Nijeriya ya sha bamban. Ƙasar ta shiga ƙungiyar OPEC a 1971, tana da ɗanyen mai kwance a ƙasa, saboda haka abin da take buƙatar tanadi shi ne tataccen mai. Matatun gwamnati huɗu, wato biyu a Fatakwal, ɗaya a Warri, ɗaya a Kaduna, an gina su ne su tace ganga 445,000 a rana, an kuma shimfiɗa bututu zuwa daffo-daffo, ciki har da na Suleja da ke ciyar da Abuja. Da matatun suka durƙushe, masu fasa bututu kuma suka yi ta'adi, sai Babban Birnin Tarayya ya koma dogaro da tankokin da ke tahowa daga Kudu ta kan titi.

An ga sakamakon haka sau biyu a 2022 kaɗai. A watan Fabrairu an shigo da fetur daga Beljiyam mai ɗauke da sinadarin methanol fiye da ƙima, aka janye shi daga kasuwa, layuka suka yi makonni a gidajen mai. A watan Oktoba ambaliya ta datse hanyar Lakwaja, tankoki suka maƙale, Abuja ta sake shiga wahala. Hanya guda ce ta toshe, ba man duniya ne ya ƙare ba.

Dokar Masana'antar Man Fetur ta 2021 ta ɗora wa hukumar NMDPRA nauyin kafa tanadin mai na ƙasa. Abin tambaya shi ne wa zai biya. Ɗanyen mai yakan yi shekaru a ajiye, amma fetur yakan fara lalacewa cikin watanni, dole a riƙa juya shi. Ga kuɗin ruwan banki, ga faɗuwar Naira. Tun daga 29 ga Mayu 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya sanar da janye tallafi a dandalin Eagle Square, lita ta tashi daga ƙasa da Naira 200 zuwa sama da 500 cikin kwanaki, kuma jarin da ake buƙata don cika tanki guda ya ninka kusan sau uku.

Matatar Ɗangote da ke Lekki, wadda aka gina don tace ganga 650,000 a rana, ta fara fitar da fetur a Satumba 2024. Wannan ci gaba ne babba wajen dogaro da kai, sai dai matata tana bakin teku, Abuja kuwa tana nesa da ita da ɗaruruwan kilomita. Don haka idan hukuma ta ce akwai man kwana kaza, ɗan kasuwa ya bincika nawa ne ke cikin jiragen ruwa, nawa ne ke daffon bakin teku, nawa kuma ya riga ya ƙetare kogin Kwara.