Darasi: Rabon marar matsuguni a kuɗin lafiya na gwamnati

Idan kana aikin sa-kai tsakanin Jibiya da Maraɗi, ko tsakanin Illela da Birnin Konni, ka san mutanen da wannan darasi ya shafa: iyalan da harin 'yan bindiga ya koro daga Zamfara da Sakkwato da Katsina tun 2019, waɗanda ambaliya ta rushe wa gidaje kamar yadda aka gani a Maiduguri a Satumbar 2024 bayan ɓallewar madatsar Alau, da almajirai da masu taɓin hankali da ke kwana a tasha da rumfunan kasuwa. Dukkansu suna da rabo a kuɗin da gwamnatocin ƙasashen biyu ke warewa domin lafiya. Aikinka shi ne ka san inda kuɗin yake da hanyar da yake bi.

A Najeriya

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ake kira BHCPF. Ta wajabta wa gwamnatin tarayya zuba aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigarta a cikinsa, sai dai ba a sa shi a kasafin kuɗi ba sai a 2018. Kusan rabin asusun yana bi ta hukumomin inshorar lafiya domin biya wa marasa galihu kuɗin magani. Kashi 45 cikin 100 yana zuwa ƙananan asibitoci domin sayen magunguna, gyaran gini da tallafa wa ma'aikata. Kashi 5 kuma na agajin gaggawa ne. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta ƙara da asusun masu rauni, ta kuma ambace su: yara 'yan ƙasa da shekara 5, masu juna biyu, tsofaffi, naƙasassu da matalauta.

Ka riƙe sashe na 20 na dokar 2014 da kyau. Ya haramta wa ma'aikacin lafiya ko asibiti hana mutum kulawar gaggawa bisa kowane dalili. Bai gindaya sharaɗin adireshi ko katin shaida ba.

A Nijar

Tsarin ya bambanta. Tun daga 2005 da 2006 gwamnati ta ɗauke kuɗin tiyatar haihuwa, awon ciki, tsarin iyali da maganin yara 'yan ƙasa da shekara 5. Gidan likita yana duba marar lafiya kyauta, ya rubuta abin da ya kashe, sannan ya jira gwamnati ta mayar masa. A nan ne matsalar take: idan biyan ya yi jinkiri, magani ya ƙare, sai a rubuta wa uwa takarda ta je ta saya a waje. Mai gida da gona zai iya sayar da akuya. Wadda take kwana a makarantar da aka tsugunar da 'yan gudun hijira ba ta da abin sayarwa.

Haka kuma, a Disambar 2018 Nijar ta zama ƙasa ta farko a Afirka da ta kafa dokar kare waɗanda aka raba da muhallinsu a cikin gida, bisa Yarjejeniyar Kampala ta 2009, wadda Najeriya ma ta amince da ita.

Me ya sa rabon ba ya kaiwa gare su?

Kuɗin gwamnati yana bin suna ne a rajista. Wanda ba shi da unguwa, mai unguwa bai san shi ba. Wanda ya gudu da dare ya bar takardunsa a gida. Wanda yake yawo tsakanin ƙasashe biyu, kowane ɓangare yana ɗaukarsa nauyin ɗayan. Ta haka mafi buƙata ke zama na ƙarshe a layi.

Abin da za ka yi

Na farko, ka rubuta sunayen marasa matsuguni a yankinka, da shekarunsu da inda suke kwana, bayan ka nemi yardarsu, kuma kada ka nuna wa wanda aikin bai shafa ba.

Na biyu, ka nemi mai unguwa ko liman ko sarkin tasha ya tsaya musu shaida a lokacin rajista.

Na uku, ka halarci zaman kwamitin raya mazaɓa a Najeriya, ko kwamitin kula da gidan likita a Nijar. Ka tambaya cikin ladabi nawa aka karɓa, me aka saya, kuma mutum nawa marasa matsuguni aka duba.

Na huɗu, idan an mayar da marar lafiya a halin gaggawa, ka rubuta rana da lokaci, ka kai wa shugaban asibitin, sannan ka sanar da ofishin ƙungiya.

A zaman ƙungiyarku na gaba, kowa ya zo da amsar wannan tambaya: a mazaɓarka ko gundumarka, wane asibiti ne ke karɓar wannan kuɗi, kuma wa ke sa hannu kafin a fitar da shi?