Ran Yaro Amana Ce a Hannun Iyaye

Karatu: 2 Sarakuna 20:1-7, Matiyu 4:5-7, Ayyukan Manzanni 15:28-29

A shekarar 1997, a wani asibiti a Legas, jinin wani jariri ɗan wata ɗaya ya yi ƙasa ƙwarai. Likita ya ce sai an ƙara masa jini, amma mahaifiyarsa, wadda ke cikin Shaidun Jehobah, ta ƙi. Kotun majistare ta ba da izini, aka yi ƙarin jinin, yaron kuwa ya rayu. A 2019 Kotun Ƙoli ta Najeriya ta tabbatar da matakin: baligi yana iya ƙin magani don kansa, amma bangaskiyar iyaye ba za ta hana a ceci ran yaro ba.

Wannan hukunci ya shafi Maiduguri kamar yadda ya shafi Legas. Da damina zazzaɓin cizon sauro yakan shanye jinin ƙananan yara, jinkirin kwana ɗaya kuwa kan zama sanadin rasuwa. Duk da haka akwai masu bi da ke ɗaukar zuwa asibiti a matsayin raunin bangaskiya.

Abin da Nassi ya koyar

1. Allah yana warkarwa ta hanyar magani. Bayan Ubangiji ya ji addu'ar Sarki Hezekiya, annabi Ishaya ya sa a ɗora curin ɓaure a kan marurun. Alkawari da magani tare suka zo.

2. Ƙin taimakon da Allah ya tanada gwada shi ne. Yesu bai yi tsalle daga ƙwanƙolin Haikali don mala'iku su tare shi ba.

3. Umarnin manzanni game da jini ya tsaya ne a kan cin sa, bisa ga Littafin Firistoci 17. Dokar da aka kafa don girmama rai ba ta zama dalilin barin rai ya salwanta.

Saboda haka iyaye su kira dattawan ikkilisiya su yi addu'a, amma a yi ta a kan hanyar asibiti.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Me ya bambanta dogara ga Allah da gwada Allah?
2. Yaya ikkilisiya za ta tallafa wa iyalin da rashin kuɗi ne ya hana su zuwa asibiti?