Littafin Ƙanena Yana Kulle

Tambaya: Na saya wa ƙanena makaho littafi ta intanet, amma an kulle shi, manhajar da ke karanta masa a waya ta kasa buɗewa. Laifi ne in na cire makullin? Daga Tsafe.

Amsa: 'Yar'uwa, kwantar da hankalinki. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Shugaba Buhari ya sanya wa hannu a Maris 2023, ta hana ɓalle irin wannan makulli, amma ta yi wa makafi rangwame, bisa Yarjejeniyar Marrakesh da Najeriya ta amince da ita a 2017. Tunda da kuɗinki kika saya, mayar masa da shi yadda zai saurara.

Sai dai fa na ƙanenki ne shi kaɗai. Ranar da ya faɗa hannun masu turi a kasuwar Gusau, ko ya shiga zagaya WhatsApp, rangwamen ya ƙare.