Simintin Haƙori da Yaƙi da Ƙwayoyin Cuta

Gabatarwa

Mafi yawanmu idan muka ji kalmar siminti, gini ne ke faɗo mana a rai. To amma likitocin haƙori su ma suna da nasu simintin. Wannan maƙala za ta dubi irin wanda suke rufe ɓargon haƙori da shi idan ya buɗe, da kuma yadda yake hana ƙwayoyin cuta kashe haƙorin.

Mene ne Ɓargon Haƙori?

Haƙori hawa uku ne. Akwai farin ɓawo mai ƙarfi daga waje, sai dentin a ƙarƙashinsa, sannan can tsakiya akwai wani nama mai taushi mai ɗauke da jijiyoyi da hanyoyin jini. Wannan naman shi muka kira ɓargon haƙori, domin yana zaune cikin haƙori kamar yadda ɓargo ke zaune cikin ƙashi. Ruɓewa mai zurfi, ko karyewa, ko na'urar likita lokacin da yake kankare ruɓa, duk suna iya buɗe shi.

Buɗewar kaɗai ba ta kashe ɓargo. A shekarar 1965, Kakehashi da abokan aikinsa a Amurka sun buɗe ɓargon haƙoran ɓeraye iri biyu. Waɗanda aka raina ba tare da ƙwayoyin cuta ba sun warke, sauran kuwa ɓargonsu ya mutu. Ke nan bakteriya su ne abokan gaba.

Ire-iren Simintin

Na farko shi ne kalsiyam haidiroksaid, wanda Hermann ya shigo da shi aikin haƙori a Jamus a 1920. Ƙarfinsa yana cikin kaifinsa irin na kanwa, wato kishiyar tsami. A ma'aunin pH ruwa mai tsabta yana kan 7, shi kuwa yana kai wajen 12.5. Wannan kaifi yana lalata fatar bakteriya da sinadaran da suke rayuwa da su, yana kuma zaburar da ɓargo ya gina sabon dentin a bakin ramin. Aibinsa shi ne yana narkewa a hankali, kuma sabon dentin ɗin yakan fito da ƙananan ƙofofi. Idan cikon da ke sama ya fara yoyo, sai ƙwayoyin su dawo.

Na biyu shi ne MTA, wanda Mahmoud Torabinejad ya samar a Jami'ar Loma Linda ta Amurka a farkon shekarun 1990. Abin mamaki, ɗan'uwan simintin gini ne, sai dai an tace shi. Idan ya haɗu da danshi yana fitar da kalsiyam haidiroksaid ɗin nan, sannan ya daskare ya toshe ramin tam. Sai dai yana ɗaukar kusan awa 3 kafin ya daskare, yana da tsada, kuma yakan sa haƙori ya yi duhu. Biodentine na kamfanin Septodont na Faransa ya rage wannan matsala, domin yana daskarewa cikin kimanin minti 12.

Na uku ya shafi kanumfarin da muka sani a kunu da yaji. Daga mansa ake samun yujinol, wanda ake kwaɓawa da zink oksaid. Yana kashe bakteriya, yana kuma kwantar da zogi, amma idan ya taɓa ɓargo kai tsaye yana jawo kumburin da ba ya ƙarewa. Saboda haka ba a ɗora shi a kan buɗaɗɗen ɓargo. Wannan darasi ne ga masu cusa kanumfari a kogon haƙori: zogin zai lafa, amma ruɓar tana nan tana ci.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, mun ga cewa kashe ƙwayoyin cuta rabin aiki ne. Wasu ma, kamar Enterococcus faecalis, suna jure kaifin da ke kashe sauran. Siminti nagari shi ne wanda ya kashe na ciki, ya hana na waje shiga, bai kuma cutar da naman da aka sa shi ya kare ba. Amma duk kyansa, ba ya ta da ɓargon da ya riga ya mutu. Don haka ɗan'uwa ɗalibi, idan haƙori ya fara yi maka tsami da ruwan sanyi, garzaya wurin likita tun yana da rai.