Yaro Mai Nauyin Hannu

A kusan kowane aji a kan sami yaro wanda abu ba ya zama a hannunsa. In an aike shi ɗebo ruwa, kafin ya iso rabi ya zube. In ya zo ɗaura tazuge sai igiya ta sarƙe. In ana langa shi ne na farkon faɗuwa. In yarinya ce, carafke ya gagare ta. Rubutu kuwa, baƙaƙe su hau juna. Amma in malam ya yi tambaya da baki, sau da yawa yaron nan ya kan amsa daidai.

Mutane su kan ce sakarai ne ko malalaci, har wani lokaci a kai ga bulala. Wannan kuwa kuskure ne babba. Tun a shekarar 1937 wani likita na Amurka, Samuel Orton, ya rubuta bayanin irin waɗannan yara. A 1994 masana suka taru a garin Landan na ƙasar Kanada, suka yarda da suna guda, wanda ma'anarsa ita ce matsalar daidaita motsin jiki tun daga ƙuruciya. A Ingila a kan ce da ita dispiraksiya.

Ga yadda abin ya ke. In an jefo wa yaro ƙwallo, ido ne ke auna nisanta da saurinta. Ƙwaƙwalwa ta shirya yadda za a tare ta, ta aika saƙo ta jijiyoyi zuwa hannu, hannu ya cafe. Duk wannan kafin ƙiftawar ido. Mai wannan matsala idonsa lafiya, hannunsa da ƙarfi, hankalinsa kuma daidai da na tsaransa. Shirin motsin ne ba ya tafiya yadda ya kamata, sai hannu ya makara ko ya zarce.

Cikin yara 100 'yan makaranta a kan sami 5 ko 6 masu ita, watau kamar biyu a aji mai yara 40. An fi ganinta ga maza, da kuma yaran da aka haifa bakwaini. Ba shan inna ba ce, ba aikin iska ba ne, kuma ba a ɗaukarta wurin wasa.

Abin da ya fara kamata iyaye shi ne su kai yaron asibiti, a duba idonsa da jijiyoyinsa, don a tabbata ba wata cuta ce ke damunsa ba. Likitoci ba su cika yanke magana ba sai yaro ya kai shekara 5. Ba ƙwaya ko allura da ke warkar da ita. Abin da ke taimako shi ne koyo da maimaitawa.

A gida, a zaɓi aiki guda, a raba shi kashi kashi. In sa riga ne, yau a koyi zura hannu, gobe a koyi maɓalli babba. A ba shi kofin roba maimakon tangaran, kada a cika shi. A makaranta, malam ya ba shi fensir mai kauri da takarda mai faɗin layi, ya ƙara masa lokaci, ya riƙa gwada iliminsa da baki. 'Yan aji kuma su daina yi masa dariya, su sa shi cikin wasa, gama yaron da a ke yi wa ba'a kullum ya kan tsani makaranta, ya janye daga abokai.

Iyayen ma suna bukatar taimako, don abin ba laifin reno ba ne. Kakanni da yayye su karɓe su, malam ya riƙa shawara da su. Da yawa su kan girma da matsalar, amma su koyi dabarun zama da ita, su yi sana'a, su riƙe gida. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Tambayoyi

1. Wane aiki ƙwaƙwalwa ke yi kafin hannu ya cafe ƙwallo?
2. Don me ya kamata a fara kai yaron asibiti?
3. Ta wace hanya 'yan aji za su taimaki ɗan'uwansu?