Sulken kaka ba ya son wanki

Wani matashi daga Sanam ta Nijar ya aiko da tambaya. Suna gyaran ɗakin kakansu da damina ta kayar, sai suka tarar da tsohon adudu. A ciki akwai sulke da kwalkwali da takobi cikin kubensa, duk tsatsa ta hau. Har wani dillali ya taya. Shin ya goge ya sayar, ko ya ajiye?

Ɗan'uwa, da farko dai janye hannunka. Kada ka sa yashi ko toka, kada ka matsa lemun tsami, balle ruwan batir da wasu ke wanke ƙarfe da shi. Baƙin nan da ya kwanta a jikin ƙarfen shi ne shaidar shekarunsa. Ranar da ka goge shi ya yi ƙyalli, ba ka da abin da zai raba shi da wanda maƙeri ya ƙera bara. Jar tsatsa mai gari ita ce ke cin ƙarfe, kuma ɗigon man keken ɗinki a tsumma mai laushi ya ishe ta. Shafa a hankali, ka share ragowar man.

Sannan ɗauki sulken ka fito haske, ka duba zobe ɗaya. Idan bakinsa biyu sun hau juna an danne su da ƴar ƙusa kamar ƙwayar gero, aikin da ne, na yaƙi. Idan kuwa lanƙwasa waya kawai aka yi baki ya taɓa baki, galibi na hawan salla ne ko na kwaikwayo. Dillalai sun san wannan sarai, shi ya sa sukan fara juya zobe kafin su buɗe baki. Haka takobi: ruwansa da yawa daga Solingen ta Jamus aka kawo ta Hamada, amma maƙeranmu ma sun iya buga tambarin jinjirin wata, don haka tambari kaɗai ba hujja ba ne.

Kayan nan sun daɗe a ƙasar Hausa. Tarihin Kano ya nuna Sarki Kananeji, wanda ya yi sarauta daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara shigo da lifidi da kwalkwali da sulke. A Kurfai kuma, kakanninmu sun sha fafatawa da Abzinawan Imanan da Tagazar kafin zuwan Nasara, har zamanin Mayaƙi Gado Namalaya na Filinge. Mai yiwuwa sulkenku ya ga ɗaya daga cikin waɗannan ranaku. To wa ya sani? Tsofaffin gidanku. Je ka zauna da gwaggo ko baffan da ya fi kowa shekaru, ka kunna wayarka, ka tambaye shi: na wane ne, a ina ya samu, ganima ce ko kyautar sarki, wane yaƙi aka je da shi? Rubuta a takarda, ka ɗauki hoton kowane abu gaba da baya. Ni a ganina wannan ya fi shafa mai gaggawa, domin tsatsa tana jira, tsoho ba ya jira.

A nan mutanen Japan suka fi mu. Tun 1876 aka hana mayaƙansu, samurai, yawo da takobi, amma gidaje suka adana kwalkwali da rigar ƙarfe cikin akwatinsu na musamman, wani har da sunan maƙerin a sassaƙe daga ciki. Yau masu tara irin waɗannan kaya sunan da tarihin suke fara nema kafin su yi maganar kuɗi.

Wajen ajiya, kada ka rataye sulke a ƙusa, nauyinsa zai ɓalle zobban kafaɗa. Naɗe shi a zanen auduga, ka ɗora a sama nesa da ƙasa da bango, saboda gara. Leda kuwa ko kusa, tana tara gumi. In akwai lifidi a gidan, ba a wanke shi, audugar ciki za ta dunƙule ta ruɓe. A shanya shi a inuwa bayan damina, a kakkaɓe, a duba ɓarnar ɓera. Zare takobi daga kube lokaci-lokaci, don fata tana riƙe danshi.

Batun sayarwa kuma, kayan gado ne, ba naka kai kaɗai ba, sai magada sun yarda. Ka kuma sani Nijar tana da dokar kare kayan tarihi tun 1997, ba a fitar da irinsu waje ba izini. In riƙon ya fi ƙarfinku, tuntuɓi gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai, amma fara tura hoto tukuna. Kada a hanyar Sanam zuwa Filinge jandarma ya buɗe jakarka ya ga takobi kana ta kame-kame.