Hukuncin Cin Taliya a Gidajen Abincin Mutanen Sin

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ƴan'uwa Musulmi, tambaya ta yawaita a kan cin abinci a ƙananan gidajen taliya irin na mutanen Asiya. A da wannan mas'ala ta yi nisa da mu a nan Gure. Amma tun da kamfanin CNPC na ƙasar Sin ya kama aikin man Agadem a 2008, aka kuma buɗe matatar SORAZ a arewacin Damagaram a watan Nuwamba na 2011, ƴaƴanmu direbobi da ma'aikata suka shiga cuɗanya da mutanen Sin, har a wurin cin abinci. Ga kuma ƴan kasuwarmu masu zuwa birnin Gwanzu saro kaya, waɗanda sau da yawa kwanon taliya ne abincin da ya fi musu araha da kusa.

Ita taliya kanta garin alkama ce ko na shinkafa, da ruwa da gishiri, wani lokaci da ƙwai. Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani ya bayyana a cikin Risala cewa abincin da ba ya buƙatar yanka bai haramta ba, ko da na majusawa ne. Saboda haka babu magana a kan Indomie da mai shayi yake dafa maka a bakin tasha: asalinta daga Indunusiya ne, ana yin ta a Najeriya tun shekarun 1990, mai dafawa Musulmi ne, abin haɗinta ƙwai da albasa. Tsananta bincike a nan ƙuntata wa kai ne.

Inda mas'alar take shi ne romo. Su waɗannan gidaje ba sa dafa wa kowa tukunyarsa. Babbar tukunya guda ce take kan wuta tun asuba, cike da ƙashi da nama, kowane kwano daga cikinta ake zuba masa. A ƙasar Sin naman alade ne aka fi ci, kuma a gidaje da yawa ƙashinsa ne tushen romon, kitsensa kuma man suya. Akwai kuma giyar shinkafa da suke zubawa a girki don kashe ƙarni. To, mutum zai nuna taliya da ganye a takardar abinci, ya ce ba ya son nama, a kawo masa kwano babu tsoka ko guda, ya ci da natsuwa, alhali ruwan da ya shanye romon alade ne. Haramcin alade kuwa a fili yake a Suratul Baƙara aya ta 173 da Suratul Ma'ida aya ta 3.

Wani zai ce: in na ga naman na tsame shi. Wannan ba ya warware komai. A hadisin Maimunatu, Allah Ya yarda da ita, wanda Buhari ya ruwaito, an tambayi Manzon Allah (SAW) game da ɓeran da ya mutu a cikin man shanu, sai ya yi umurni a jefar da shi da abin da yake kewaye da shi, a ci saura. Malamanmu na Malikiyya sun ɗauki wannan a kan daskararren abu. Abincin da yake ruwa-ruwa kuwa, najasa kaɗan tana ɓata shi ko da yana da yawa, kamar yadda Shehu Halilu ya tabbatar a cikin Muhtasar. In haka ne hukuncin abin da ya faɗa ciki, ina ga wanda aka tafasa tare da shi tun safe?

Idan kuma romon na saniya ne ko na kaza, sauran tambaya guda: wa ya yanka? Allah Ya halatta mana yankan Ahlul Kitabi, wato Yahudu da Nasara, a Suratul Ma'ida aya ta 5. Cikin mutanen Sin akwai Musulmi, akwai Nasara, amma mafi yawansu ba sa cikin ɗayan biyun, kuma yankan wanda ba Musulmi ba, ba Ahlul Kitabi ba, hukuncinsa hukuncin mushe ne. Na sha jin matasa suna kafa hujja da hadisin Nana A'ishatu, Allah Ya yarda da ita, inda aka ce wa sahabbai su ambaci sunan Allah su ci naman da ba su san yadda aka yanka shi ba. Su koma su karanta hadisin har ƙarshe. Masu kawo naman nan Musulmi ne, sababbin shiga Musulunci, shi ya sa aka kyautata musu zato. Bisimillar mai ci ba ta mayar da mushe yankakke.

To, ina mafita? Alhamdu lillahi, tana da faɗi. A ƙasar Sin akwai Musulmi miliyoyi, daga cikinsu akwai ƙabilar Hui, kuma fitacciyar taliyar naman shanu ta birnin Lanzu girkinsu ce. Shagunansu sun bazu a biranen ƙasar, mai girki yana jan kwaɓin da hannu a gabanka har ya zama zare. Kalmar da suke kiran halal da ita ita ce "cingjan". A unguwar Xiaobei ta Gwanzu, inda ƴan Afirka suka fi sauka, irin waɗannan shaguna ba su da wuyar samu. Wanda ya shiga shagon Musulmi ya ci kawai, babu buƙatar ya titsiye shi da tambaya.

Inda babu shagon Musulmi, kamar wurin cin abincin ma'aikata a daji, sai a nemi kifi ko ƙwai ko ganye. A mazhabar Imamu Malik duk abin da yake rayuwa a ruwa halal ne ba tare da yanka ba, har jatan lande da ƙaguwa. Sharaɗi shi ne a dafa da ruwa zalla ko man gyaɗa da makamancinsa, ba da romon babbar tukunya ba, ba kuma da giya ba. Game da kasko da kwano, hadisin Abu Sa'alabatal Hushani a Buhari da Muslimu ya ba da hukunci: in akwai wasu a yi amfani da su, in babu a wanke a ci. A roƙi mai girki ya wanke kaskonsa, cikin ladabi da sakin fuska, domin bai san shari'armu ba, kuma ba da nufin cuta yake yi ba.

Kada kuma wani ya fake da lalura. Lalurar da Alƙur'ani ya yi rangwame a kanta ita ce ta wanda yake tsoron halaka. Wanda yake da burodi da ayaba da dafaffen ƙwai a shagon da yake kusa bai kai can ba.

Cin abinci da tsinke biyu irin nasu babu laifi, in dai da hannun dama ne. Teburin da ake shan giya a kansa kuwa an hana Musulmi zama a wurinsa, kamar yadda ya zo a hadisin Jabiru da Tirmizi ya ruwaito. Sai ya nemi wani teburin, ko a ƙunsa masa abincinsa ya tafi da shi masauki. Allah ne Mafi sani.